Ƙara wa tsohuwar kwamfuta RAM: Dalilan da ke sa ta ƙi karɓa da yadda ake gano matsalar

A garin Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Kwalejin Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Najeriya suke, aikin kwamfuta sana'a ce da mutane da dama ke ci da iyalansu da ita. Shagunan buga takardu da na rajista ta intanet ba sa rabuwa da ɗalibai, musamman a lokacin rajistar JAMB da na rubuta kundin kammala karatu. Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke waɗannan shaguna da ofisoshi na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da Lenovo ThinkCentre, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su.

Idan irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, shawarar farko da ake bai wa mai ita ita ce ya ƙara mata RAM. Sai ya kama hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, ya sayo a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ya dawo ya sa. Yana kunnawa sai fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Daga nan sai jayayya: mai saye ya ce an sayar masa da matacce, mai sayarwa ya rantse ya gwada a gabansa. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. RAM ɗin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ma lafiyarta ƙalau, jituwa ce kawai babu a tsakaninsu. Kuma akasarin dalilan rashin jituwar suna rubuce a kan 'yar takardar da ke manne a jikin RAM ɗin.

Mene ne aikin RAM?

RAM ma'adana ce ta wucin gadi, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa a wannan lokaci. Misalinsa kamar teburin ɗan kasuwa ne, shi kuma faifan ajiya kamar sito. Idan tebur ya yi ƙanƙanta, dole mai shago ya riƙa zarya zuwa sito duk sa'ad da aka tambayi wani kaya, ciniki ya yi ta tafiyar hawainiya. Da zarar an kashe kwamfuta, duk abin da ke kan teburin ya tafi, abin da ke sito ne kawai ke zama.

Ana auna girman RAM da gigabait, wato GB. Yana zuwa a siffar sanda mai faɗi, da baƙaƙen ƙwayoyi jere a jikinta da haƙoran ruwan zinare a ƙasa, ana kafa ta a gurbin da aka tanada a kan babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod.

Alamomin rashin jituwa

Matsalar kan bayyana ta ɗaya daga cikin fuskoki huɗu. Ko dai sandar ta ƙi shiga gurbi sam, ko ta shiga amma kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta tashi amma ta nuna ƙasa da adadin da aka sa mata, ko kuma ta nuna adadin daidai amma ta riƙa daskarewa, tana kawo shuɗin allo ko tana sake kunna kanta. Kowace fuska da inda ake fara neman dalilinta.

Kwamfutocin ofis suna da hanyar faɗin ciwonsu. A jerin HP Compaq, ƙara sau 5 tare da jar fitila mai ƙyaftawa sau 5 na nufin matsalar RAM. Tsofaffin Dell OptiPlex kuwa suna da fitilu masu lamba 1 zuwa 4, kuma littafin kowane samfuri ya bayyana ma'anar waɗanda suka kama. Akwai kuma saƙon da ba matsala ba ne: idan kwamfuta ta rubuta cewa adadin ma'adanarta ya canza, ta nemi a danna F1, shaida ce cewa ta ga sabon RAM ɗin.

Dalili na farko: zuriya

Ƙungiyar JEDEC, wadda ke tsara ƙa'idojin wannan kaya a duniya, ta raba RAM zuriya-zuriya, kuma wata ba ta shiga gurbin wata:

DDR: ya fito a 2000, haƙora 184, bolt 2.5.
DDR2: ya fito a 2003, haƙora 240, bolt 1.8.
DDR3: ya fito a 2007, haƙora 240, bolt 1.5. Ƙaninsa DDR3L yana aiki da bolt 1.35.
DDR4: ya shiga kasuwa a 2014, haƙora 288, bolt 1.2.
DDR5: an fitar da ƙa'idarsa a 2020, haƙora 288, bolt 1.1.

An fi ruɗewa tsakanin DDR2 da DDR3, domin tsawonsu ɗaya, yawan haƙoransu ma ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane. Akwai tsaga a tsakiyar haƙoran kowace sanda, kuma wurin tsagar ya bambanta daga zuriya zuwa zuriya, an yi haka da gangan don kada a sa wata a gurbin wata. Idan tsagar ba ta yi daidai da ɗan tudun da ke cikin gurbi ba, a dakata. Danna ta da ƙarfi na iya fasa gurbin ko ƙona madabod.

Ko kwamfutocin da suka yi kama a ido na iya bambanta. OptiPlex 755 da 760 suna amfani da DDR2, amma 780, wadda akwatinta ya yi kama da nasu, DDR3 take ci. Haka nan OptiPlex 3040 da 5040 suna amfani da DDR3L, alhali 7040, sa'arsu, DDR4 ce. Akwai kuma wasu madabod masu gurabun DDR2 da na DDR3 a tare. A irinsu nau'i ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun lokaci guda.

Dalili na biyu: harafin da ke ƙarshen lamba

A kan takardar jikin RAM akan ga rubutu kamar haka: 4GB 2Rx8 PC3-10600U. PC2 na nufin DDR2, PC3 na nufin DDR3, PC3L kuma DDR3L. Lambar da ke biye gudunsa ce: PC2-6400 shi ne DDR2-800, PC3-8500 shi ne DDR3-1066, PC3-10600 shi ne DDR3-1333, PC3-12800 kuma DDR3-1600.

Harafin ƙarshe shi ne abin da mutane suka fi sakaci da shi. U shi ne na kwamfutar tebur ta gama-gari. S na kwamfutar tafi-da-gidanka ne, gajere ne, ana gane shi da ido. R, da kuma F a zuriyar DDR2, na manyan kwamfutocin uwar garke ne da ke cibiyoyin adana bayanai. E kuwa yana ɗauke da tsarin gyara kuskure mai suna ECC. Wasu kwamfutocin tebur kan karɓe shi, wasu su ƙi.

Haɗarin yana ga mai harafin R. Tsawonsa da tsagarsa daidai suke da na mai U, yana shiga gurbi lafiya lau, amma kwamfutar gama-gari ba za ta tashi da shi ba. Da yake kamfanoni na zubar da irinsa da yawa idan sun sauya na'urori, yakan zo kasuwa da girma mai jan hankali, 8GB ko 16GB, a farashi mai rahusa. Araha ba ta ado. Ban da wasu manyan kwamfutocin zane da injiniyanci na jerin HP Z da Dell Precision, mai U ake nema.

Dalili na uku: yawan ƙwayoyi

Wannan shi ne dalilin da ya fi wahalar da masu gyara, domin komai na iya yin daidai, zuriya da harafi da girma, amma kwamfutar ta ƙi tashi.

Sanda mai 4GB tana ɗauke da gigabit 32. Ana iya haɗa wannan adadi ta hanya biyu: ƙwayoyi 16 masu gigabit 2 kowace, 8 a kowane gefe, ko kuma ƙwayoyi 8 masu gigabit 4, duka a gefe guda. Ta farko ita ake rubuta wa 2Rx8, ta biyu 1Rx8. A wurin sabuwar kwamfuta duk ɗaya ne. Amma kwamfutocin zamanin Core 2 Duo masu amfani da DDR3, waɗanda ke da cifset na Intel irin G41 da Q45, an ƙera su tun kafin ƙwayoyi masu gigabit 4 su yawaita, don haka ba su san yadda za su karanta su ba. OptiPlex 780 sananniya ce a wannan hali: tana karɓar 4GB mai ƙwayoyi 16, tana ƙin 4GB mai ƙwayoyi 8.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, sandunan DDR3 da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan akasari masu manyan ƙwayoyin ne, musamman masu lamba PC3-12800. Shi ya sa tsohon RAM na hannu kan yi aiki inda sabo dal ya ƙi. Mai irin wannan kwamfuta ya juya sandar ya ƙirga ƙwayoyin kafin ya biya kuɗi. Daga zuriya ta 2 ta furosesa Core i3 da i5 da i7, wadda ta fito a 2011, wannan matsala ta kau a mafi yawan kwamfutoci.

Akwai kuma sanduna masu rahusa da ake rubuta wa cewa na AMD ne kaɗai. Tsarin ƙwayoyinsu daban ne, kuma ba sa aiki a kwamfutocin Intel na wancan zamani.

Dalili na huɗu: iyakar kwamfutar

Kowace kwamfuta tana da iyaka biyu: abin da gurbi ɗaya ke ɗauka, da jimillar abin da madabod ke ɗauka. OptiPlex 755 tana tsayawa a 8GB, wato 2GB a kowane ɗaya daga cikin gurabunta 4. OptiPlex 3020 gurabu 2 gare ta, tana ɗaukar 16GB. Madabod masu cifset G31 ba sa wuce 4GB. Idan an sa sandar da ta fi ƙarfin gurbi, kwamfuta kan ƙi tashi ko ta ga rabinta. Ana samun waɗannan iyakoki a littafin samfurin, wanda Dell da HP da Lenovo ke ajiyewa kyauta a shafukansu na intanet.

Dalili na biyar: gauraya

Ana iya haɗa sanduna daga kamfanoni daban-daban, irin su Samsung da SK hynix da Micron da Kingston, muddin zuriya da harafi sun dace. Idan gudunsu ya bambanta, duka sukan koma gudun mafi rauni a cikinsu. Sai dai gauraya na ƙara yiwuwar daskarewa, musamman idan an cika gurabu 4.

Batun ƙarfin wuta ma abin lura ne. Mafi yawan DDR3L na aiki a gurbin DDR3, domin yana jure bolt 1.5. Akasin haka ne ke kawo cikas: kwamfutar da aka ƙera don DDR3L, kamar OptiPlex 3040, na iya ƙin DDR3 na asali.

Launin gurabu ko na maƙallansu jagora ne. Sanduna biyu masu girma ɗaya a gurabu masu launi ɗaya suna ba kwamfuta damar aiki da hanyoyi biyu lokaci guda, abin da ke ƙara mata sauri. Idan sanda ɗaya ce, a sa ta a gurbin da aka rubuta wa DIMM1.

Ta tashi, amma ba ta nuna duka ba

A nan sai a fara duba BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo. Idan BIOS ya ga adadin daidai amma Windows ba ta amfani da shi, laifin na manhaja ne.

Windows mai bit 32 ba ta wuce 4GB, kuma a zahiri abin da take amfani da shi kan tsaya tsakanin 3GB da 3.5GB, ko da an sa 8GB. Maganin shi ne a sake ɗora Windows mai bit 64 daga farko, bayan an kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri, an kuma tabbatar tsohuwar firinta ko sikana tana da manhajar da za ta yi aiki da sabon tsarin. Windows 7 ma tana da nata iyakokin: Starter 2GB, Home Basic mai bit 64 8GB, Home Premium mai bit 64 16GB.

Wani lokaci wani ne ya taɓa saitin msconfig ya ƙayyade iyakar ma'adana. Cire alamar da ke wannan akwati na warware matsalar. Haka nan kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban kan ɗebi wani kaso na RAM don nuna hoto, wannan kuwa ba lalacewa ba ce.

Idan BIOS ɗin kansa bai ga duka ba, to ko sandar ba ta zauna daidai ba, ko gurbi ya mutu, ko an faɗa matsalar ƙwayoyi da iyaka da aka ambata. A kwamfutocin Core i3 da i5 da i7, sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, don haka lanƙwasar ko da haƙori ɗaya a mazaunin furosesa na iya kashe gurbi ɗaya ko biyu.

Ƙura, hunturu da wutar lantarki

Yanayin ƙasar Kano na da nasa rabon laifin. Gurbin da ya shekara da shekaru a buɗe, a shagon da ke bakin titin Kano zuwa Maiduguri, yakan cika da ƙura, sai haƙoran sabuwar sanda su kasa taɓa na gurbin. Ana hure gurbi da bulowa, a goge haƙoran sandar a hankali da robar goge rubutun fensir, sannan a share da ƙyalle mai tsabta. Ba a sa ruwa ko fetur.

A lokacin hunturu, bushewar iska na sa jiki da tufafi su tara irin lantarkin nan da kan tsiki mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Ɗan wannan ya isa ya kashe ƙwayar RAM. Don haka a taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta kafin a ɗauki sanda, a riƙe ta ta gefe, kuma kada a jefa ta aljihu tsirara a kan hanyar dawowa daga kasuwa.

Hawa da saukar wuta, ta KEDCO ce ko ta janareta, tare da zafin bazara, suna gajiyar da akwatin wutar kwamfuta da 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod. Idan kan waɗannan gwangwanaye ya kumbura ko yana tsatsafo da wani abu, daskarewar ba daga RAM take ba, kuma canza shi ba zai yi magani ba.

Matakan gwaji bi da bi

1. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita.

2. A cire dukkan sanduna, a mayar da tsohuwar ita kaɗai. Idan kwamfuta ta tashi, madabod lafiya yake.

3. A cire tsohuwar, a sa sabuwar ita kaɗai a DIMM1. A danna gefe biyu har maƙallai su rufe da kansu. Rashin zama daidai na cikin dalilan da suka fi yawa.

4. Idan ta ƙi tashi, a gwada sandar a sauran gurabu ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwada tsohuwar a kowane gurbi don gano mataccen gurbi.

5. A cire ɗan batirin madabod mai lamba CR2032 na 'yan mintoci, a mayar, domin BIOS ya koma saitinsa na asali. Idan agogon kwamfuta na yawan ɓacewa, a canza batirin.

6. A gwada sabuwar sandar a wata kwamfuta da ta fi ta sabunta. Idan ta yi aiki a can, rashin jituwa ne, musaya ya kamata a nema.

7. Sabunta BIOS kan taimaka a wasu samfura, amma kada a fara shi sai da UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod gaba ɗaya.

8. Idan komai ya tashi, a gwada da manhajar MemTest86 ko da abin gwajin da ke cikin Windows, wanda ake kira da rubuta mdsched. Kuskure ko da ɗaya ne ya isa a cire sandar, domin RAM mai kuskure na iya lalata takardun abokan ciniki ba tare da an ankara ba.

Kafin a kama hanyar kasuwa

Rigakafi ya fi magani. A rubuta cikakken sunan samfurin kwamfutar da girman akwatinta, domin ƙaramin akwati kan zo da gurabu kaɗan, wani ma da RAM irin na tafi-da-gidanka. A ɗauki hoton takardar da ke jikin tsohuwar sanda da waya, ko a tafi da ita a naɗe. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, na nuna nau'in RAM da abin da ke kowane gurbi ba tare da an buɗe akwati ba. Wanda zai iya, ya ɗauki akwatin kwamfutar kansa a gwada a gabansa, domin gwaji a kwamfutar mai shago ba ya tabbatar da cewa tasa za ta karɓa. A kuma yi yarjejeniyar musaya a fili, a rubuta ta a kan rasit tare da lambar sandar.

Inda ƙarin RAM ba zai wadatar ba

Ga aikin buga takardu da shiga shafukan rajista, tashi daga 2GB zuwa 4GB, ko daga 4GB zuwa 8GB, na kawo sauyi a bayyane. Amma idan kwamfuta na da 8GB kuma har yanzu tana jan ƙafa wajen tashi da buɗe manhajoji, tsohon faifan ajiya mai juyawa ne ya fi zama abin zargi, kuma maye gurbinsa da SSD ya fi amfani.

Akwai kuma batun shekaru. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar aƙalla 4GB, da na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesa ta Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama ko takwararta ta AMD. Kwamfutar DDR2 ko DDR3 ba ta cikin wannan sahu komai yawan RAM da aka sa mata. Tana iya ci gaba da buga takardu, ko a ɗora mata manhajar kyauta irin Linux Mint. Amma shagon da ke karɓar bayanan banki da lambobin NIN na jama'a, ko ofishin da ke riƙe da bayanan albashi, ya kamata ya kwatanta kuɗin RAM da SSD da kuɗin wata kwamfutar hannu mai DDR4 kafin ya yanke shawara.